Gindin Jarka

A ƙauyenmu, gabas da Haɗeja, damina ba ta barin yaro ya yi nisa da gida bayan magariba. Ruwa ya cika fadama, sauro ya fito, don haka sai mu taru a gindin murhun Kaka, mahaifiyar babanmu. Gaskiya ba son tatsuniya kaɗai ke kai mu ba. Hayaƙinta na korar sauro, kuma ba a rasa ƙanzon tuwo ko kan tarwaɗa da ta ɓoye ƙarƙashin faifai. Mijinta masunci ne, ya rasu tun ban san kaina ba, ya bar ta da sana'ar bandar kifi da wani tari da hayaƙi ya sa mata.

Ni Maigida take kira na, saboda sunan marigayin aka sa mini. In na makara sai ta ɗago kai ta ce, "Maigida ya dawo hannu rabbana kuma? Ni dai ban yi dacen miji ba. Zauna, kar ka tsaya mini a ka." Ni kuma in ce ai ta tsufa, na fasa auren. Ta kai mini duka da mafici, ba ta taɓa samu na ba.

Ba ta fara labari sai wuta ta kama sosai. Za ta gyara itace, ta yi tarinta, sannan ta ce, "To, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama in mayar muku." Tatsuniyoyinta da yawa na manta. Wadda ta zauna mini ita ce ta wani ƙaton masunci, wadda ta fi yi mana idan kwaɗi suka cika gari da kuka.

Wai masuncin nan ƙarfi gare shi, shi kaɗai yake ɗaga kwale-kwale. Wata rana ya kama kifi cike da jirgi, ya kawo gaɓa zai yi banda kafin ya lalace. Don sauri ya kwashi itace duk wanda hannunsa ya kai, ya jera jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya sa garwashi ya fara hurawa. Hayaƙi ya tashi, wuta ta ƙi. Ya ƙara hurawa. Wata tsohuwa mai tsintar ƙirare ta zo wucewa ta ce, "Ɗana, ka taɓa itacen ƙasan nan kuwa?" Ya ce shi ba shi da lokacin taɓe-taɓe, kifinsa zai ruɓe. Ya ci gaba da hurawa har rana ta take, har ta faɗi. Kumatunsa suka kumbura, wuyansa ya kumbura, idanunsa suka firfito. Kifin ya ruɓe a gabansa, shi kuwa ya koma kwaɗo, yana nan bakin ruwa har yau yana hurawa.

A nan Kaka takan cika kumatunta da iska ta zare ido, mu kuma mu kwanta a tabarma da dariya. Sai ta ce, "Ku dai ku yi dariya. Mai ƙarfi ba ya son a ce masa dakata." Da an kira isha'i ta mayar mana da kunnuwanmu, kowa ya nufi ɗakin uwarsa.

Na girma, ban gaji kamun kifi ba, na zama mai fito. Ina da jirgin katako da inji a bayansa, irin wanda ake tayarwa da jan igiya. Idan ambaliya ta cinye hanya, ni da wani mutum ɗaya ne ke kai mutane da buhunansu inda za su sami mota. Fetur a jarka muke sayo shi daga gari, mu haɗa shi da baƙin mai. Kuma akwai abin da duk mai inji a kogin nan ya sani tun ranar farko: ba a juye gindin jarka. Jarkokinmu sun ɗebi ruwa, sun kwana a ruwan sama, sun sha raɓa. Ruwa ya fi fetur nauyi, can ƙasa yake kwanciya. Ana zuba na sama, a bar ɗan abin da ya rage don wanke hannu da ƙarafa.

Damina ta uku da sayen injin, ruwa ya zo da yawa. Wata safiya Baffa Isa, ƙanin babana, ya same ni a mashaya da maganar Kaka, ya ce, "Habu, jikin Iya ya rikice, numfashi yana sarƙe mata. Sai Haɗeja." Ɗayan jirgin mai inji ya fita da shinkafa tun asuba. Da inji tafiyar ba ta kai awa guda ba zuwa bakin titi. Da filafili kuwa, ga ƙarfin ruwa ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyi, sai rabin yini.

Na duba tanki, na ga man ba zai kai mu ya dawo da mu ba. Na ɗauki jarka na kifa ta duka a kan mazurari, har na bubbuga gindinta don kar ɗigo ya saura. Na san abin da nake yi. Na ce a raina sau ɗaya ba zai yi komai ba.

Aka shimfiɗa mata tabarma da bargo a tsakiyar jirgi, Baffa ya zauna ya jingina ta da ƙirjinsa. Na matsa robar da ke jikin tiyon mai har ta yi tauri, na ja cok mai rage wa inji iska, na ja igiya. Injin ya juya, gur-gur-gur, ya yi shiru. Na sake ja. Ya yi tari sau ɗaya kamar zai kama, ya fasa. Na ja, na ja, na ja. Mutane suka fara taruwa a gaɓa, kowa da shawararsa. Baffa ya ce, "Habu, ko mu kama filafili mu rage hanya?" Na ce, "Yanzu zai tashi, Baffa." Sau uku ya tambaye ni, sau uku na ba shi wannan amsar.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san inuwar giginyar mashaya ta bar kan jirgin, kuma fatar yatsuna ta saɓule ban ji zafi ba. Can na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tsakanin kalmomi.

"Maigida."

"Na'am, Kaka."

"Juyo in ga kumatun nan."

Na juya. Tana kallo na, bakinta a buɗe tana neman iska, amma idonta na dariya. Ta ce, "Sun fara. Ka taɓa na ƙasan kuwa?"

Sai a lokacin na saki igiyar. Na buɗe murfin inji, na kwance filogi, na same shi a jiƙe. Na jingina shi da ƙarfe na ja igiya, wuta na nan, shuɗiya tas. Na sa sukudireba na kwance 'yar ƙusar da ke ƙasan kafireto, inda mai ke taruwa kafin ya shiga inji, na tara gorar roba. Abin da ya zubo ya rabu biyu a cikin gorar, fetur a sama, ruwa fari a ƙasa, kusan yatsa biyu. Duk binciken bai kai minti biyar ba.

Gyaran ne ya ɗauki lokaci. Sai da na juye tankin duka, na hure tiyo, na aika aka aro mini fetur mai kyau a wajen wani maƙwabci mai injin ban ruwa. Ina durƙushe na ba su baya, ina goge filogi da gefen rigata, na ji Baffa ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Mata suka ɗauki sallallami daga gaɓa. Ban juya ba. Na mayar da filogin, na ɗaure shi da sifana, na rufe murfi, na goge hannuna. Ban ji komai ba, wannan ita ce gaskiya. Ina ta jiran kuka ya zo, bai zo ba.

Maƙabartarmu na ƙarƙashin ruwa a shekarar, sai a tudun da ke tsallake ake binnewa. Bayan azahar aka ɗauko ta a makara aka sa a jirgin. Na kama igiya. Ja ɗaya injin ya tashi, ya yi ta aiki lafiya lau har muka je muka dawo. Sawu huɗu na yi ina kwasar masu jana'iza.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar nan ta wawa ce, shi ya sa muke dariya. Yanzu ba na jin masuncin nan wawa ne. Ina jin ya san itacen da ya jera a ƙasa, tunda da hannunsa ya jera. Ya ci gaba da hurawa ne don in ya tsaya ya taɓa, dole ya ga abin da ya yi, ga kuma tsohuwa a tsaye tana kallo. Ni ma na san abin da ke cikin kafireton tun ja na uku. Na fi son hannuna ya saɓule a gaban mutane da in tara gora su ga ruwan.

Ko da mun isa asibiti, ban san ko za ta kai yamma ba. Shekarunta sun ja, ƙirjin nan ya daɗe da gajiya. Babu wanda ya taɓa ɗora mini laifi. A zaman makoki Baffa ya dafa kafaɗata ya ce wa mutane yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, ku dubi hannunsa. Suka duba, suka sa mini albarka. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da haka, ban taɓa jayayya da shi ba. Shekara shida ke nan, ban gaya wa Baffa yadda ruwan ya shiga tankin ba.