Ranar da Inna ta kira sunan Baba

Abin da na fara lura da shi da muka shiga gidan shi ne Inna ta ɗaura zaninta a baibai, ɗinkin gefen yana waje. Dama ni ba mai yawan magana ba ce. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, sannan ta tambaye ni 'yar wace ce ni.

Inna ita ta haifi Baba. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Farin Dutse a ƙasar Gwaram, tare da Goggo, ƙanwar Baba. Mu muna Birnin Kudu, sai an yi hutun makaranta muke zuwa. Baba ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi, sai ta ce “mutumin Birnin Kudu”. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta kau da kai tana amsa wa bango.

Ran nan ma a nan ya tsuguna. Sai Inna ta dube shi ido da ido, ta kira shi da sunansa na yanka.

“Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka.”

Goggo ta ajiye tsintsiya. “Inna, ɗan farinki ne fa. Ina kunyar ta tafi?”

“Na san ɗana mana,” in ji Inna. “Ke ce ban sani ba, kullum kina cikin ɗakina.”

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba bai amsa ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar, ya fita zaure.

Maƙwabta suka ce a yi wa Inna hayaƙi, wataƙila iska ce. Baba ya ce a yi addu'a, amma a je asibiti. Aka tafi da ni Birnin Kudu saboda hannuna kaɗai ta yarda ta riƙe a mota.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyi da ke miƙa wa juna saƙo. A wasu tsofaffi wani abu mai danƙo yana taruwa a tsakaninsu da cikinsu, har su riƙa mutuwa. Hawan jini kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai musu jini. Abin da ya faru ɗazu shi ke fara ɓacewa, na da yakan daɗe. Wani lokaci har wajen da ke tsare bakin mutum yakan taɓu, sai ya faɗi abin da ya daɗe yana riƙewa.

“Akwai magani?” Baba ya tambaya.

Ta ce na warkewa babu tukuna. Akwai ƙwayoyin da kan ɗan taimaka na wani lokaci, kuma masu bincike suna gwada waɗanda ke rage danƙon, amma amfaninsu kaɗan ne har yanzu. Ta rubuta na hawan jini, ta ce a bar Inna a gidan da ta saba, a daina yi mata gyara. Ta kuma ce wata rana Inna za ta iya daina gane shi. Na ga Baba ya sake taɓa hularsa.

Sauran hutun a ƙauye muka yi shi, kuma ya yi mini daɗi. Da hantsi mukan zauna gindin mangwaro muna ɓarar gyaɗa. Hannun Inna bai manta komai ba. Ta dama fura babu gudaji, ta koya mini yadda ake riƙe ludayi. Kullum sai ta tambaye ni 'yar wace ce, in faɗa mata, ta ce, “Ashe shi ya sa kike da goshinsa.” Zanin ma na daina damuwa da shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk sanda Baba ya gifta sai ta kira sunan, shi kuma ya ƙara sauri. Takan bi shi da ido, bakinta a ɗan buɗe tana jira, har ta manta abin da take jira.

Ranar da za mu koma na same shi a zaure yana ɗaure buhun gero a bayan babur. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai in gaisuwa ce. Na tsaya ina murza bakin hijabina har ya ɗago.

“Mene ne?”

Daga cikin gida muka ji muryar Inna, ta sake kira.

Na ce, “Baba, don Allah ka amsa mata.”