Batirin Kawu a Kan Kwano

Mu da muka tashi a ƙauyukan Damagaram, babu wanda bai taɓa shanya batiri a rana ba. In rediyon gida ta fara magana ƙasa-ƙasa, sai a zaro batiranta a jera a kan katanga, su sha rana tun hantsi har la'asar. Da yamma a mayar, rediyo ta ɗan farfaɗo, a ji labarai. Wasu har cizon su suke yi. Ban taɓa jin wanda ya yi musun wannan dabara ba, ni ma da hannuna na yi ta yi.

Da wannan ilimin kawuna, wan mahaifiyata, ya zo Tamanrasset. Ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa, kuma shi ya sauke ni a ɗakinsa na unguwar Gataa El Oued lokacin da na iso, na baro mata da 'ya'ya uku a gida. Aikinsa dakon siminti ne a shantiye, inda ake gine-gine. Buhu a ka, a hau bene, a sauko, har ranar da bayansa ya ce ya ishe shi. Akwai safiyar da na tarar da shi yana salla a zaune, ya ce mini wai ƙafarsa ce ta sage. 'Ya'yansa suka dame shi da waya, ya dawo gida ya huta. Shi kuwa babu abin da yake tsoro a duniya irin wannan hutun: ya zauna a ƙofar gida a riƙa miƙo masa kwanon tuwo, yana godiya.

Sai ya tattara abin da yake da shi ya sayi injin huda bango, irin mai batiri wanda ba ya jan waya. Ya zo da batiri biyu da cajarsu. Kawu ya yi dabara, domin yawancin gine-ginen da mutanenmu ke aiki a ciki ba a kai musu wuta ba tukuna, mai irin wannan injin kuwa nemansa ake yi. Ya koma sa ƙofofi da tagogi da sandunan labule, aikin tsaye, babu ɗaukar nauyi. Batiran nan girmansu ɗaya, amma ya sa musu suna babba da ƙarami, ya ɗaura wa babban jan zare. Kowace yamma sai ya goge su da gefen rawaninsa.

Sanyin garin nan ba na wasa ba ne. Da lokacinsa ya kama, injin ya fara kasala da safe, ya juya kaɗan ya tsaya. Kawu bai ko yi dogon tunani ba. Ya taka bokiti ya ɗora batirin a kan kwanon rufin ɗakinmu, ya ba shi sa'a guda, ya sauko da shi, injin ya tashi garau. Ya dube ni ya ce, "Ka gani? Batiri dai batiri ne." Nan matsalar ta samo asali, domin a lokacin sanyi gaskiyarsa ce: ɗan ɗumin nan yana taimaka wa batirin da ya ƙandare.

Sanyi ya wuce, Kawu bai daina ba. Rana ta dawo da ƙarfinta, kwano ya koma yadda ba ka iya ɗora masa tafin hannu, shi kuwa ya mayar da abin al'ada. Kowace Juma'a, ranar da ba a aiki, sai ya ɗora su duka biyu tun safe, ya tafi masallaci, daga can ya zaga gaishe-gaishe. In ya dawo ya sauko da su da zafinsu ya sa a caji a kan katifarsa, har ya lulluɓe su da bargo wai kada ƙura ta shiga.

Wata rana na je wurin wani mutumin Agadas mai gyaran kayan wuta a kasuwa. Cikin hira na ba shi labarin, ina dariya. Shi bai yi dariya ba, ajiye kofin shayinsa ya yi. Ya ce wannan batirin ba irin na rediyo ba ne, zafi shi ne babban makashinsa. Ya ce in ya yi aiki ya ɗau zafi, a bar shi a inuwa ya huce kafin a sa shi caji. A ɗora cajar a kan siminti ko tayil, kada a rufe ta da komai, kuma in ya cika a cire. Ya ce duk ranar da na ga cikinsa ya kumbura, to ya gama aiki, a fitar da shi daga ɗaki. Sannan ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka hwaɗa mishi a hankali. Dattijo ne."

A hankalin nan ne na kasa. Ni mutum ne mai saurin baki, kuma in na san abu sai kowa ya san na sani. Maimakon in jira mu shiga ɗaki, sai na tayar da maganar a majalisar shayi ta ƙofar gida, bayan la'asar, gaban mutane kusan goma.

Na ce, "Kawu, wannan fa ba batirin rediyon kaka ba ne. Ko kilishi kake so ka yi da shi?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce daga yau sunansa mai kilishi. Kawu ya ci gaba da zuba shayi. Da ya gama ya ce, "Tun ba a haihe ka ba nike shanya batiri." Ni kuma na ɗauka na yi nasiha.

Juma'ar da ta biyo, a gaban idon kowa ya taka bokitin ya ɗora su duka biyu. Da ya tafi, na hau na sauko da ƙaramin, na ajiye shi a inuwa ƙarƙashin gado. Ana gab da dawowarsa na mayar. Haka na riƙa yi kowane mako. Babban kuwa na bar shi a can yana gasuwa. Na daɗe ina gaya wa kaina wai tsoro nake ji kada ya gane in na sauke duka. Ƙarya ce. So nake ɗaya ya lalace ɗaya ya tsira, ya gani da idonsa wa ke da gaskiya.

Bayan wasu makonni cikin babban ya fara tasowa. Sai Kawu ya buga shi da tafin hannu kafin ya shiga injin. Na gani, na tuna abin da mutumin Agadas ya ce, amma ban fitar da shi daga ɗaki ba.

Ana haka wani mai lambu a Outoul, can bayan gari, ya kira shi sa ƙofofin sabon gidan da ya gina a tsakiyar gonarsa. Aiki ne mai kyau, Kawu ya ce in raka shi in riƙa riƙe masa ƙofa yana ɗaurewa. Muka je da safe. Wurin da daɗi, ga inuwar itatuwa, ga ruwa yana gudu a kwalbatin ban-ruwa. Ƙofa uku muka sa sai cajin babban ya ƙare, kuma ya yi zafi sosai. Kawu ya zare shi ya nufi ɗakin famfo, inda kaɗai ake da wuta, ya sa shi a caji nan take kusa da wasu buhunan ciyawar awaki. Ya dawo muka ci gaba da ƙaramin.

Wari na fara ji, wani iri mai ɗan zaƙi mai hawa kai. Sai kuma ƙara, kamar an zuba ruwa a tukunya mai zafi. Kafin in saki ƙofar, Kawu, mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi, ya riga ya ruga. Na tarar ya fizge batirin daga caja da hannunsa na dama, hayaƙi yana fita ta tsakanin yatsunsa. Ya fito da shi waje ya jefar a kan yashi, yana faɗuwa wuta ta tashi. Mai lambun ya ture mu baya, ya yi ta zuba masa ƙasa da shebur. Da a cikin ɗakin nan ta kama, da ciyawar da famfon mutumin duk sun tafi, da sunan Kawu ma.

Na ja shi zuwa kwalbati na tsoma hannunsa a ruwa. Fatar tafin ta yi fari. Bai yi kuka ba, bai yi salati da ƙarfi ba, tambaya ɗaya ya yi ta yi: cajar ta ƙone? Ba ta ƙone ba, gefenta kawai ya ɗan narke. Mai lambun ya kai mu asibiti a motarsa, aka wanke aka naɗe.

Kwana uku ba mu yi maganar ba. Ni nake ɗebo masa ruwa, ni nake ɗaura masa rawani, kunya tana cin raina. 'Ya'yansa suka ji labari suka dawo da tsohuwar maganarsu, wannan karon har da ta motar da za ta kawo shi gida. Na san in ƙaramin ma ya mutu, Kawu ba shi da sauran abin da zai ce musu.

Rana ta huɗu da hantsi ya ce in ɗauko injin in sa masa ƙaramin. Na sa. Ya karɓa da hannun hagu ya danna, injin ya yi kuka da ƙarfinsa, kamar ranar da aka sayo shi. Ya sake dannawa, ya saurara. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce in buga wa babban ɗansa waya in ce a bar maganar mota, akwai sauran ƙofofi biyar a Outoul. Sannan ya tambaye ni yadda mutumin Agadas ya ce a yi, na faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon a hankali. A ranar muka share wani lungu a inuwa muka shimfiɗa tayil guda, nan ya zama wurin caji, kuma har yau nan ne.

Ina tsugune ina gyara zaman tayil ɗin ya ce, "Na san kana sauke ƙaramin."

Na saki tayil ɗin.

Ya ce, "Kullum na dawo sai in ji shi da sanyi. Tun ranar da ka yi maganar na san gaskiyarka ce. Amma an riga an yi dariya, ni ba ni iya hawa in sauke su mutane na kallo." Ya juya naɗaɗɗen hannunsa a kan gwiwa. "Na yi ta jira ka sauke babban ma."