Abin da Na Tarar a Dangwalin Baffa

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ana sallame salla, ni da abokina likitan dabbobi da direban da ya ɗauko mu. Shanun da mahaifina ya bar mana suna kiwo a wata ruga kusa da Horo Birni, a hannun Baffa, tsohon amininsa. Biyu daga ciki sun kusa haihuwa, shi ya sa da likita ya ce zai je yi wa shanu masu ciki allurar riga-kafin zawon maruƙa, na ce da ni za a je.

Kujerar gaba ba ni na samu ba, ba kuma likita ba. Kular maganin aka ɗora a kai, aka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Likita ya ce in ƙanƙarar ciki ta narke a zafin bazarar nan, ruwan banza za mu kai wa mutane.

A Boɗinga muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya tambayi mai suyar ko shi ma azumi yake yi. Daga nan har Dandin Mahe buhunan albasa ne jere a bakin titi, warinta na shigowa mota. Manoma na ta kukan ta faɗi warwas, ga kuɗin mota ya hau. A Shagari na sayi fura, na ji ruwa ya fi nono yawa. Da na yi ƙorafi, mai furar ta ce in gode Allah da na samu, nono ya yi wuya bana. Ban kawo komai a raina ba.

Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar burji, rana ta ɗaga sosai kafin mu isa.

Tun daga nesa muke jin kukan shanu. Ba irin na yunwa ba ne, wani dogon kuka ne da ba ya yankewa. Da muka shiga, idona ya fara sauka a kan dangwali, wato doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere. Na san shi tun ina yaro, kullum cike. Ranar nan yawancin maɗauransa a ƙasa suke, babu kowa a ciki. 'Yan maruƙan da suka rage suna kwance, ido ya faɗa, gindinsu ya ɓaci da zawo, ƙudaje sun rufe su. Likita ya ja fatar wuyan ɗaya ya saki, fatar ta tsaya yadda ya ja ta.

Gefe guda na hango wani maraƙi a tsaye ƙyam kusa da wata saniya tana lasarsa, har na ji sanyi a raina. Da na matsa, sai na ga ba shi da idanu. Fatar mataccen maraƙi ce aka cusa wa ciyawa, aka kafa ta a kan sanduna, don uwar ta ji warin ɗanta ta saki nono. Saniyar kuwa lasa kawai take yi, tana ɗan gurnani.

Baffa ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi mahaifiyata da yara. Likita kuwa, ko hannu da ƙyar Baffa ya ba shi. Bayan mun zauna a tabarma ya dube shi ya ce, "Likita, bara kun zo kunka soke muna shanu, kunka ce maruƙa ba su zawo. Ga dangwali nan, duba da idonka. Bana ba a taɓa min saniya ko guda."

Likita ya gyara zama. Ya shiga tambaya: ina suke shan ruwa, ina ake kwantar da maruƙan, wane magani aka ba su. Baffa yana amsawa a gajarce. Sun sayi ƙwayoyi a kasuwa, sun jiƙa saiwoyi, har karsana ya sayar a kan magani. Ya ce abin da ya fi cin ransa, matan gidan sun daina zuwa tallan nono, cefane ya koma kansa shi kaɗai, ga rumbu ya yi ƙasa.

Muna cikin haka Inna, uwargidan Baffa, ta fito daga bayan bukka da ƙwarya a hannu, ta nufi juji. Likita ya hango abin da ke ciki, mai kauri, rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Ya miƙe zumbur, har takalminsa ya bari.

"Inna, don Allah tsaya. Ina za ki kai dakashin nan?"

Ta ce zubarwa za ta yi. Wata saniya ce ta haihu da hantsin nan, ta tatse mata nonon farko kamar yadda take yi wa kowace, sai ya tsinke ya yi fari sannan a saki maraƙi. Shekaran bara ne wani maraƙi ya mutu, wani mai tallan magani a kasuwa ya ce musu kaurin dakashi ne ke ɓata cikin jariri. Tun daga nan ba ta bari ko ɗaya ya sha ba.

Likita ya dafe kai. Sannan ya yi bayani a hankali, ni ma ranar na fara ji. Ita allurar ba maraƙi take wa aiki kai tsaye ba. Uwa ake yi wa saura makonni ta haihu, jikinta ya haɗa kariyar, ya tara ta a cikin dakashi. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da kariya ko kaɗan, sai abin da ya sha a yinin farko. In ya wuce wannan lokacin, ko ya sha ba ya shiga jikinsa. Wato duk allurar bara a juji ta ƙare.

Inna ta durƙusa da ƙwaryar a hannu. Ta daɗe tana kallon dangwali, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Ashe ni ka kashe su, ina cewa jinya nika yi."

Likita ya ce a'a, shi ne ya yi allura ya hau mota bai faɗa ba, don ya ɗauka kowa ya sani. Baffa ya tashi ya ɗauko sabon maraƙin, jikinsa ko bushewa bai gama yi ba, ya kai shi hantsar uwar da kansa. Na cikin ƙwaryar ma aka zuba a kwalba aka ɗura masa. Bayan azahar Baffa ya ce wa 'ya'yansa su kamo masu cikin. Aka yi musu allura ɗaya bayan ɗaya, har da namu biyun. Marasa lafiyar kuma likita ya haɗa musu ruwan gishiri da sukari, ya sa aka raba su da sauran, aka canza musu makwanci. Ya faɗa wa Baffa gaskiya cewa ba duka za su tashi ba.

Muka kamo hanyar dawowa. Mun tsaya la'asar a Shagari, muka shigo Sakkwato ana kiran magariba. Na shiga gida aka kawo tuwo, na kasa ci.

Abin da na koyo, magani ba ya isa in ba a zauna an yi wa mutum bayani ba, kuma mai tatsa ya fi kowa cancantar a yi masa. In kuna da shanu a hannun wani, ku je ku gani, ku tambayi abin da ake yi da nonon farko. Jiya Baffa ya kira ni. Biyu daga cikin marasa lafiyar sun mutu. Sabon maraƙin kuwa, ya ce Inna ta hana kowa kusantarsa, ita ke kai shi wurin uwar, ta tsaya a kansa har ya ƙoshi.