Barcin Evaristo a Córdoba

Evaristo Ledesma gyaran takalma yake yi a wani ɗan shago a birnin Rosario, kuma ya ba shekara sittin baya. Muryarsa mai kauri ce, irin wadda mutum ke ji a ƙirjinsa. Tun gashinsa na baƙi yake cikin ƙungiyar waƙa ta maza masu son maza da mata masu son mata, tun zamanin da sai sun rufe tagogi kafin su fara rerawa. A can ya haɗu da Hilario, malamin makaranta mai tsokanar tsiya. Suka zauna tare, da doka ta yarda suka yi aure.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Hilario, har magana ta koma da kyar. Daga nan Evaristo ya zama shi ne hannu, shi ne ƙafa. Ya yi masa wanka, ya juya shi a gado, ya ba shi abinci a baki, sannan ya tafi shago. Barci kuwa sai ɗan abin da ya sata. Duk da haka bai daina zuwa koyon waƙa ba, ko da a tsaye yake gyangyaɗi.

Da aka sa bikin ƙungiyoyin waƙa irin tasu a birnin Córdoba, ya ce ba da shi ba. Nélida, matar da ke jagorantarsu, ta same shi har shago.

"Haba tsoho, wa zai riƙe mana gindin waƙar? Samarin nan murya kamar ta sauro."

"Shi kuma in bar wa wa?"

"Ɗauko shi mana! Mota ce ba za ta ci shi ba?"

Haka aka yi. Tafiyar ta ci rabin yini, ga keken guragu, ga jakar magani, ga matakalar zauren da sai da aka yi ɗauki-ɗauki. Mutane sun zo daga Chile da Uruguay, ana ta rungume-rungume da shewa. Evaristo dai ƙugunsa kawai yake ji.

Bayan abincin rana aka sa su. Ya sa farar rigarsa, ya zauna kusa da Hilario don ya ba shi magani kafin a kira su. Kujerar mai laushi ce, 'yan birnin Montevideo na Uruguay kuma suna rera wata waƙa a hankali. Ya ce bari ya ɗan jingina.

Tafi ne ya tashe shi. Ya buɗe ido, sai ga mutanensa a kan dandamali suna rusuna wa jama'a, sun gama.

"Hilario! Kana kallo ka bar ni?"

Hilario ya karkata baki, ya yi ta kokawa da harshensa. "Minsharinka," ya ce, "ya fi nasu daɗi."

Evaristo bai yi dariya ba. Wata da watanni yana jan ƙafa zuwa koyon waƙoƙin nan. Ya fita waje ya zauna a kan matakala. Can sai ga Nélida da ƙoƙon shayin mate, ta miƙa masa.

"Na zo tashinka," ta ce. "Mijin nan naka ya tare ni da hannunsa mai lafiya, ya zare mini ido kamar ina ajinsa. Wallahi tsoro na ji." Ta zauna. "Me ya sa ba ka taɓa gaya mana ba?"

"In ce me? Gajiya ciwo ce?"

"Irin taka dai ciwo ce."

Da suka koma Rosario, 'yan ƙungiyar suka raba ranaku don su riƙa zama da Hilario. Da fari kowa na rububi. Kafin sanyi ya shigo yawancinsu sun zame, wannan aiki, wancan nisa, saura Nélida da wani direban tasi da ke zuwa ranar Alhamis su yi karta, Hilario na cinye su da hannu ɗaya.

Ranar Alhamis ɗin, Evaristo ba ya buɗe shago da wuri. Yakan je bakin kogin Paraná ya zauna, ba ya yin komai. Da bikin ya zagayo Nélida ta sake tuntuɓarsa, ya ce ta bari dai ya ga yadda ƙugun zai yi.