Gashin Kare da Sabulun Madam

Ko tsufa ya kwashe mini lissafin jikoki, ba zai kwashe ranar da aka wanke ni a tsakar kasuwa ba. A wani ƙauye ne gaba da Allakaye, bayan girbin gero, ina dab da ajiye aiki.

Ku yaran yanzu da takardu kuka shigo aikin dabbobi. Ni lakwal, wato makarantar boko, leƙa ta na yi, mushe malaminmu ya ɗaga bulala, na ce a gai da gida. Muƙamina mai riƙon kare. Idan muka fita rigakafin haukan kare, allura tana cikin akwatin ƙanƙara don zafi na lalata ta. Ni in danne kare in ɗaure masa baki, likita ta tsira masa, a shafa masa fenti a ƙeya, sai kuma baɗi.

Shugabarmu Madam Hadiza, likitar dabbobi daga Buza. Tun hantsi muka kafa tebur, har azahar ba a kawo mana ko kare guda ba. Dalili kuwa Ɗan Baro, babban mafarautan garin, taubashina. Ya ce allura tana kashe hancin kare, ya daina jin ƙanshin zomo. In bai kawo nasa ba, babu mai kawowa, kuma a garin an taɓa binne yaro saboda cizon kare.

Na je lallashinsa. Ya ce, "Kai Ila, mi ka sani ga kare ban da wutsiya? Tahi ka ba Madam haƙuri."

Na juya ina shirya masa baƙar magana, sai wani baƙon kare, yawu na dalala, ya fito daga rumfar mahauta ya cafke ni a mazaunai. Duk tsawon aikina hannuna nake tsaro, ashe ta baya ƙaddara za ta biyo.

Kun san al'ada: wanda kare ya ciza, a tsigo gashin karen a ƙona, a danna tokar a ciwon. Sai ga rabin kasuwa sun bi mahaukacin kare da gudu, hannu sake, don su yi mini alheri. Ɗan Baro ne a gaba, yana ihu, "Ku kamo shi, kar taubashina shi mutu da gardamata a bakinai!"

Ban taɓa jin muryar Madam irin ta ranar ba. "Ku tsaya! Duk wanda ya taɓa karen nan, shi ma asibiti!" Suka ja burki. Daga nesa mafarauta suka gama da shi, aka binne.

Ta juyo kaina. "Baba Ila, tuɓe."

Na ce, "Madam, nan? Surukata na sayar da kuka can."

"Kunya ko rai, zaɓi."

Mata suka kewaye ni da zannuwa, suna kallon sama suna ƙyaƙyatawa. Direbanmu ya yi ta cuɗa ciwon da sabulu, ana kwarara ruwa, har sabulun ya zama kamar ƙwarar gyaɗa. Madam na waje tana yi wa jama'a bayani: wanki nan take, sannan allura ba jinkiri, don in haukan ya riga ya bayyana, babu magani.

A asibitin Buza majo, wato babban mai jinya, ya yi mini allura a damtse, ya faɗi ranakun da zan komo. Na ce, "Cizo a baya, allura a hannu?" Ya ce, "Tsoho, in ka tsallake ko guda, kai ka sani." Ban tsallake ba. Hannun ya ɗan yi tsami kwana ɗaya, shi ke nan. Zama ne dai ya gagare ni, a tsaye na riƙa cin tuwo kamar baƙon da ake kora.

Da na gama, Madam ta ce mu koma garin. Mutane suka fito kallona, yara suna jira in yi haushi. Ɗan Baro ya miƙo mini ruwa a ƙwarya yana kallon idona, don mai ciwon haukan kare tsoron ruwa yake. Na shanye, na ce a ƙaro. Sai na ɗaga hanci.

"Ɗan Baro, zabo ake soyawa a gidanka. An sa tafarnuwa."

"Wane zabo? Ƙarya kaka yi!"

"Biyu ne ma."

Matarsa ta leƙo ta kan danga ta ce, "Wallahi biyu ne." Jama'a suka ɗauki dariya. Ɗan Baro ya riƙe haɓa ya ce, "Allurar da ba ta kashe hancin wanga maye ba, ba ta iya taɓa na karnaina." Ya kawo su da kansa, sauran mafarauta na biye, har allurarmu ta ƙare.

Abin da na koya, mutanenmu ba taurin kai ne da su ba. Wanda zai bi mahaukacin kare saboda kai, ba ƙinka yake yi ba, so yake ya gani da idonsa. Ku riƙa yawo da sabulu, ku riƙa haƙuri. Kuma in kun riƙe kare ta gaba, ku tuna yana da ɗan'uwa ta baya.