Alhaji Isuhu da Dokinsa Kwantena

Duk wanda ya zauna Sanyuanli, unguwar 'yan kasuwarmu a China, a 'yan shekarun nan ya san gaisuwar marigayi Alhaji Isuhu na Maraɗi. Zai karɓi hannunka kamar kowa, sai kuma ya tsunkuli fatar bayan hannun, ya ɗaga, ya saki, ya tsaya yana kallo. In ta koma da sauri, lafiyarka ƙalau. In ta yi jinkiri, ba za a yi maganar kaya ba sai ka shanye robar ruwa a gabansa. Haka likitocin dabbobi suke gane dokin da ƙishirwa ta kama, shi kuma Alhaji bai ga dalilin da zai sa a bar wa dawaki wannan gata su kaɗai ba. Har wani mai masana'anta a Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna, ya taɓa yi wa haka. Mutumin ya sha ruwan, ya kuma yi godiya.

Ni aikina tura kaya gida, shi kuma jakunkunan mata yake saye, shi ya sa kusan kullum muna tare. Wata rana muna dawowa daga Shiling ya gano wani wurin hayar dawaki a bayan gari, inda ake tseren dogon zango. Ba sukuwa ba ce irin tamu. Zango-zango ake tafiya, a ƙarshen kowanne likita ta duba doki: bugun zuciya, fata, dasashi, sannan mahayi ya ja shi su yi sassarfa a gabanta, ta ga ko yana ɗingishi. In doki ya gaza, an fitar da kai, ko da kai ka fara isowa. Alhaji ya zaɓi wani ƙaton doki mai sanyin jiki, ya raɗa masa suna Kwantena, wai yana isowa, amma ba ranar da aka ce ba.

Mai horarwa ya ba shi shawara ya fara da kilomita ashirin, kamar kowane sabon shiga. Alhaji ya ji kamar an zage shi. Ya ce tun yana yaro yake hawa daga ƙauyensu zuwa kasuwar Maraɗi, ashirin ai zuwa gaisuwar suruki ce. Na tuna masa cewa wancan yaron ba shi da wannan tumbin.

"Kai ɗan Kano," in ji shi, "ku da kuka girma a bayan acaɓa, me kuka sani?"

Ya zaɓi arba'in, don nan ne iyakar abin da aka yarda masa. Da suka gama zangon farko ya sauko, ƙafafunsa suka ƙi haɗuwa. Aka ce ya ja doki a yi sassarfa. Kwantena ya yi tasa tsaf, Alhaji na biye yana tangaɗi kamar agwagwa. Likitar, wata 'yar China marar yawan magana, ta ce doki zai iya ci gaba, ta dubi mai dokin ta girgiza kai. A zaune ya yi sallolin makon nan. Laifin kuwa na sirdi ne, in ji shi, don shi ya san fata, wannan roba ce.

Karo na biyu ya sauko zuwa ashirin, wai don tausayin Kwantena. Hawa ya yi kyau, suka iso ƙarshe. Ƙa'idar wurin ita ce, idan likita ta ɗora abin sauraro a ƙirjin doki, mahayi ya tsaya cik ya yi shiru, don kowane motsi yana ɗaga bugun zuciya. An gaya masa, na sake gaya masa. Amma Alhaji bai taɓa tsayawa gaban mutum bai gaishe shi ba. Tana fara sauraro ya ce nihaw, wato sannu a yarensu, da muryar nan tasa ta kasuwa. Ya ce in tambayar masa ita gajiya, da iyali, da zafin gari. Sannan ya zura hannu aljihu ya zaro ledar goro. Kwantena ya ji ƙarar leda, ya ɗauka abin tandewa ne, ya soma rawa. Bugun zuciyar dokin bai sauka ba har lokacin da aka ba su ya ƙare. Aka fitar da su a bakin ƙarewa.

A mota, muna shigowa gari, ya juyo gare ni.

"Bon," ya ce, irin "to" ɗinsu na Maraɗi, "wace irin likita ce wannan da ba a gaishe ta?"

Mun daɗe muna tsokanarsa a wurin cin abinci, duk wanda ya murza leda sai a ce a riƙe Alhaji. Can sai ciwon ƙirji ya fara damunsa, iyalinsa suka matsa ya koma gida gaba ɗaya. Ya yarda, amma ya ce ba zai bar ƙasar nan ba sai shi da Kwantena sun gama tsere ko sau ɗaya ne. Tsere ɗaya ya rage kafin tafiyarsa. Likitansa na asibiti ya amince da ɗan gajeren, bisa sharaɗin a tafi a hankali, abin da Kwantena bai taɓa saɓawa ba.

Ranar, da sassafe, tun ba a ɗaura sirdi ba, ya je ya sami likitar dawakin ya yi mata gaisuwar yinin gaba ɗaya, har da ta yamma. Goron ya ba ni ajiya. Suka tafi, suka dawo a can baya. Ta ɗora abin sauraro. Alhaji ya riƙe igiya, ya kafa ido a ƙasa, leɓɓansa na rawa, gumi na zuba masa fiye da na dokin. Ban taɓa jin shirunsa ba sai ran nan. Suka yi sassarfa, shi da Kwantena kafaɗa da kafaɗa. Ta ɗaga babban yatsa.

Bai motsa ba, yana tsoron ko ba a gama ba. Sai ta matso ta kama hannunsa, ta tsunkuli fatar, ta saki, ta duba. Ta miƙa masa robar ruwa, ta faɗi kalma ɗaya da ta tsinta a bakinsa: "Sannu."

Ya shanye ruwan tas, sannan ya ce mini ya faɗa tun farko, matar nan 'yar gidan mutunci ce.

A Maraɗi ya rasu, cikin iyalinsa. Har yau in na miƙa wa wani hannu a Sanyuanli, nakan tarar ina jiran tsunkulin.

Allah Ya jiƙan Alhaji Isuhu, Ya sauƙaƙa masa binciken zangon ƙarshe, Ya shayar da shi ruwan da babu ƙishirwa bayansa. Amin.