Ranar da raƙuma ta riga ni gida

Shekarun baya, tun gwamnan Nasara bai tashi daga Damagaram ya koma Yamai ba, na bi ayarin hatsi daga garinmu Gangara, a ƙasar Damargu, zuwa Damagaram. Madugun kuwa uban yarinyar da nake nema ne. Kowa ya san ya ɗauko ni ne don ya auna hankalina kafin ya ba ni 'yarsa.

Da muka sauka unguwar Zango, wajen ganuwa, ya ce, "Wa ya san Birni, ya kai wa mai masaukina hatsin nan?"

Na ce, "Baba, ni da Birni ai kamar bayan ɗakinmu."

Ko ƙofarta ban taɓa gani ba.

Na ɗora hatsin bisa raƙumarsa, da tambaya na kai kayan. Daga nan ido ya ja ni. Ga gidan sarki, ga soraye ɗaki bisa ɗaki, ga barikin Nasara can kan dutse. Na ce bari in ɗan zaga. A Damargu mutum yakan riƙe alama guda, ko itace ko tudu. Sai na yi wa raƙumar Baba dabaibayi gaban wani gida mai ƙahoni a ka, na ce ko makaho ya gane wannan.

Ashe zanko ake ce musu, kuma kowane gida da nasa.

Da na gama zagaye na rasa gidan, na duƙa neman sawun raƙuma. Wata tsohuwa mai fura ta ce, "Ɗan nan, allura ta faɗi?"

"Raƙuma ce, Inna. Gaban gida mai ƙaho na bar ta."

Ta dubi gabas, ta dubi yamma. "To, zaɓi wanda ya yi maka."

Sai la'asar sakaliya na koma Zango, ina shirya ƙaryar ɓarayi, na riga na yi sallama da aure a zuciyata. Ga raƙuma kwance gefen Baba tana tuƙa.

Bai ko ɗaga kai ba. "Tun azahar ta iso, da dabaibayinta. Kai da ƙafarka a sake."

Na durƙusa gabansa ina jiran hukunci.

"Zan ba ka yarinyar," in ji shi. "Tana da hankalin da zai ishe ku ku biyu."

Yau sorayen nan suna nan, baƙi na zuwa kallonsu. Ni kam tun ranar na daina cewa na san inda ban sani ba, sai jefi-jefi. Amma har gobe in na shirya zuwa Damagaram, matar tawa, da yanzu ta tsufa, takan ce, "Malam, tafi da raƙuma, ta maido mana kai."